Yadda ake sayen gida a ƙaramar unguwar bayan gari, a kuma ji daɗin zama a cikinta

Farashi ne ke fitar da yawancin mutane bayan gari. Kuɗin da ba zai saya maka ɗaki biyu a tsakiyar birni ba, da ka matsa waje kaɗan sai ya ba ka gida mai fili, da wurin ajiye mota, da iska mai shigowa ta taga. Sai dai wannan rangwame yana da mai karɓa. Muddin aikinka na cikin gari, hanya za ta riƙa cire nata kason safe da yamma, a kuɗin mai da lokaci da ƙarfin jiki. Shi ya sa nake ganin a juya tsarin da aka saba. Mutane kan fara da gida, falo ya burge su, sannan su waiwayi sauran abubuwa bayan zuciya ta riga ta kwanta. Kamata ya yi a fara da abin da ba ka da ikon canzawa: hanya, sai unguwa, sai takardu, ginin kansa ya zo daga baya. Fenti da tayil ana sauya su cikin mako guda, amma nisan da ke tsakanin ƙofarka da wurin aikinka yana nan har ranar da za ka tashi.

Mataki na ɗaya: san iyakar aljihunka kafin ka kira dillali

Rubuta abin da ke shigo maka a wata, wanda ka tabbata da shi, ban da ribar da kan zo jefi-jefi. Ma'aunin da aka fi sani shi ne kada ɗawainiyar gida ta wuce kusan kashi 30 cikin 100 na wannan kuɗi. Ga mazaunin bayan gari wannan bai wadatar ba, don bai sa kuɗin mota a lissafi ba. Wasu masu nazarin tsarin birane sun haɗa biyun wuri ɗaya: gida da zirga-zirga kada su haura kashi 45 cikin 100. Da wannan za ka yi aiki.

Kuɗin gida kuma ba shi kaɗai za ka biya ba. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, na safiyo, na rajista da haraji, na kwashe kaya, da gyare-gyaren da ba ka gansu ba sai da ka tare. Bayan haka, ware kusan kashi 1 cikin 100 na darajar gidan kowace shekara don gyara. Tsohon gida ya fi haka ci. Kada kuma ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen. Ka bar abin da zai riƙe iyali wata uku zuwa shida idan aiki ya tsaya.

Idan da bashin banki za ka saya, kada ƙanƙantar biyan wata-wata ta ruɗe ka. Ɗauki misali da ruwan kashi 10 a shekara. A kan kowane 100 da ka ranta, za ka mayar da kusan 193 idan bashin na shekara 15 ne, 232 idan na shekara 20 ne, 316 idan na shekara 30 ne. Tsakanin shekara 15 da 30, abin da kake biya a wata bai ragu da ko kashi ɗaya cikin biyar ba, amma jimillar ta yi tashin gwauron zabi. Tambayi banki abu biyu, a ba ka amsa a rubuce: ruwan tsayayye ne ko yana hawa da sauka, kuma akwai tara idan ka biya kafin wa'adi? Wanda ba ya mu'amala da ruwa yana da wasu hanyoyi a bankunan da ke bin tsarin Musulunci. A murabaha banki ne ke sayen gidan ya sayar maka da ribar da aka sani tun farko, ka biya kashi-kashi. A musharaka mai raguwa ku biyu kuke mallakar gidan, kana sayen kason banki sannu a hankali, kana biyan haya a kan abin da ya rage. Ko a nan ma ka nemi jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe.

Mataki na biyu: gwada hanyar da kanka

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Dillali zai ce maka minti ashirin ne zuwa cikin gari. Mai yiwuwa bai yi ƙarya ba, amma ranar hutu da rana tsaka yake nufi. Zuwa da kai ya fi aike. Ka je unguwar a ranar aiki, ka tashi daga ƙofar gidan daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka duba agogo har ka zauna a kujerarka ta wurin aiki. Ka maimaita da yamma, don dawowa takan fi tafiya wuya. Ka yi haka a farkon mako da ƙarshensa, in da hali har da ranar da aka yi ruwa.

Ka yi lissafin da abin da agogo ya nuna. Minti 45 zuwa, minti 45 dawowa, kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ya kama awa 360. Wato kwana 15 cur, dare da rana, kana kan hanya. In ka auna da ranakun aiki na awa takwas, kwana 45 ke nan. A 1994 wani masanin kimiyya ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi bayanin cewa tun daga zamanin tafiyar ƙasa zuwa na mota, mutane kan kashe kimanin awa ɗaya ne a rana wajen zirga-zirga, garuruwa kuma suna faɗaɗa gwargwadon inda awa ɗayan nan za ta kai. Ni a wurina wannan iyaka ce mai kyau: rabin awa zuwa, rabin awa dawowa, jiki na ɗauka, abin da ya ninka haka sai an yi tunani sosai. Wasu masana tattalin arziki biyu, Alois Stutzer da Bruno Frey, sun wallafa nazari a 2008 kan mazauna Jamus, inda suka gano cewa masu doguwar tafiya zuwa aiki sun fi ƙarancin gamsuwa da rayuwa, kuma babban gida ko albashi mai tsoka bai cike musu gurbin ba.

Ban da tsawon lokaci, duba tabbacinsa. Hanyar da kullum minti 40 ce ta fi wadda yau minti 25 ce, gobe awa ɗaya da rabi, domin ta biyun za ta tilasta maka fita da wuri kullum don tsoron ranar da za ta cije. Ƙananan unguwannin bayan gari da yawa hanya ɗaya tak ke haɗa su da babban titi. Gada ɗaya, ko mahaɗa ɗaya, ko shingen jirgin ƙasa ɗaya: da babbar mota ta lalace a wurin, unguwa gaba ɗaya ta makara. Ka tambaya ko akwai wata mafita, ka bi ta ka gani.

In motar haya ko jirgin ƙasa za ka dogara da su, tsaya a tasha da ƙarfe shida da rabi na safe ka sa ido. Mota tana zuwa da wurin zama, ko tun daga unguwannin baya take cika ta wuce mutane suna ɗaga hannu? Mutum nawa ne a layi, kuma mota nawa ke wucewa kafin na ƙarshensu ya samu shiga? Ƙarfe nawa ta ƙarshe ke barin gari da dare, kuma yaya abin yake a ranakun hutu? Daga tasha zuwa gida tafiyar minti nawa ce, akwai fitila a hanyar?

Kada ka auna hanyarka kai kaɗai. Uwargida tana da tata, yara suna da makaranta. Iyalai da yawa sun tare da mota ɗaya, kafin shekara ta zagayo dole ta sa sun sayi ta biyu, kuɗinta da mai da inshora da gyara suka cinye rangwamen da aka samu a gidan. Wani ɗan abu kuma da ba a cika lura da shi ba: wanda gidansa ke gabas da wurin aikinsa, rana tana bayansa safe da yamma, wanda gidansa ke yamma da wurin aikin kuwa ita yake fuskanta a tafiya da dawowa.

Mataki na uku: karanci unguwar

Ka je da safe, ka je da rana, ka je bayan duhu ya yi. Unguwar masu fita aiki tana da fuska uku. Da safe kowa na sauri. Da rana takan yi tsit, ba kowa sai tsofaffi da masu ƙananan yara, kuma a wannan lokacin ɓarayi suka fi samun sarari. Da dare ne za ka ji abin da rana ta ɓoye: ƙarar injin maƙwabci, haushin karnuka, manyan motoci a babban titi, lungun da ba fitila.

Ka yi magana da waɗanda ba su da ko sisi a cinikin. Wanda ke wanke motarsa a ƙofar gida, da mai gadi, da dattijon da ya daɗe a layin, za su gaya maka abin da mai gida ba zai faɗa ba. Ka yi tambaya mai kama hannu. Maimakon "akwai ruwa?", ce "kwana nawa a mako famfo ke kawowa, kuma yaya ake yi da rani?" Haka wuta, haka kwashe shara. Fito da wayarka a cikin ɗakunan gidan ka ga ƙarfin sabis, musamman idan wasu ranakun daga gida kake aiki.

Ambaliya ita ce babbar damuwata a irin waɗannan unguwanni, domin da yawansu a kan tsofaffin gonaki da fadamu aka yanka su, ruwa kuma yana komawa tsohuwar hanyarsa. Tsaya a bakin titi ka duba: daɓen gidan ya fi titi tudu ko titi ya fi shi? Kalli katangun layin daga ƙasa. Idan ka ga zane mai launin ƙasa ya miƙe a tsayi ɗaya daga wannan gida zuwa wancan, har kan turakun wuta, to nan ruwa ya taɓa kaiwa. Idan maƙwabta duk sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo biyu ko uku, ba ado suka yi ba. Leƙa magudanar ruwa ka ga ko tana da mafita ko a cike take da yashi.

Filayen da ba a gina ba su ma abin tambaya ne. Filin da ke ba ka iska yau, gobe yana iya zama gidan mai, ko masana'anta, ko bene mai leƙa tsakar gidanka. Ofishin tsara gari na yankin yana da taswirar abin da aka ware kowane wuri dominsa da titunan da ake shirin faɗaɗawa. Je ka duba. In unguwar tana da ƙungiyar mazauna ko kamfanin da ke kula da ita, karɓi dokokinsu a rubuce, da adadin kuɗin wata, da abin da ake yi da shi, da ko mai gidan yana da bashi a kansa. Sannan ka auna tazarar asibiti mafi kusa da ke karɓar marasa lafiya da tsakar dare.

Mataki na huɗu: takardu

Dokar ƙasa ta bambanta daga wuri zuwa wuri, amma tambayoyin iri ɗaya ne. Ɗauki lauyanka na kanka, wanda kai ke biyansa, kada ka yarda da na mai sayarwa ko wanda dillali ya kawo. Aikinsa ya je ofishin rajistar filaye ya tabbatar sunan da ke kan takardar mallaka shi ne na wanda ke sayarwa, gidan ba a jingine yake a banki ba, ba ya gaban kotu, ba a binsa haraji, kuma hukuma ba ta ware wurin don wani aiki ba. Kwafin takarda da aka miƙo maka ba hujja ba ne sai ya dace da abin da ke rajista.

Gidan gado yana buƙatar ƙarin hattara: dole dukkan magada, ko wanda doka ta ba shi ikon wakiltarsu, su sa hannu. Wanda ya ce shi wakilin mai gida ne ya kawo takardar wakilci, kai kuma ka nemi jin muryar mai gidan. Ka bincika ko mallakar ta dindindin ce ko ta wasu shekaru ce, in ta shekaru ce nawa suka rage. Ka ga takardar izinin gini, har da na ɗakunan da aka ƙara daga baya. Safiyo ya auna filin ya nuna maka alamun iyaka, don katanga ba kullum take kan iyaka ba. Ka tabbatar hanyar shiga gidan ta jama'a ce ko tana cikin takarda, ba alfarmar maƙwabci ba.

Sayen gidan da ba a gama ginawa ba, daga kamfanin da ya nuna maka zane kawai, ya yi kusa da cinikin biri a sama. In za ka shiga, je ka ga rukunin da kamfanin ya kammala a baya, ka yi magana da mazauna wurin, biyanka kuma ya riƙa tafiya daidai da matakin da gini ya kai.

Mataki na biyar: yanzu ka duba ginin

Ka zo da injiniya ko ƙwararren magini da ba shi da alaƙa da mai gida. Abubuwa huɗu ne masu cin kuɗi: harsashi, rufi, wayoyin wuta, da bututun ruwa da masai. Sauran duk kwalliya ce.

Siririn tsagu kamar gashi a jikin shafe ba abin tsoro ba ne. Wanda ake gudu shi ne mai faɗin da ya kai milimita 5 ko fiye, wanda ya tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ya bi layin bulo hawa-hawa, gefe ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, kuma ana ganinsa ciki da waje. Ƙofofin da ke cijewa da daɓen da ya karkata suna ƙara nuna ƙasa na motsi. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin zargi ne: shafa hannu, in ka ji sanyi ko ka ga farin gishiri yana tasowa, danshi ne aka rufe. Ɗaga kai ka nemi tabon ruwa a silin, a sa wani ya hau ya haska katakon rufi don gara da ruɓa. Ƙwanƙwasa tayil da mukulli. Wanda ya yi ƙarar fanko ya saki. Buɗe famfo biyu lokaci guda ka ga ƙarfin ruwa, ja ruwan masai ka ga saurin tafiyarsa. Kunna kowane makunni, mai gyaran wuta ya buɗe akwatin ya duba ko akwai alamar ƙuna. Inda ake shan rijiya ko burtsatse, auna tazararsu da ramin masai, naka da na maƙwabci. Abin da aka fi ba da shawara shi ne kada ta gaza mita 30, kuma a kai ruwan gwaji. Tsohon rufin asbestos kada a fasa shi ko a yanka shi da hannu, ƙurarsa na illa ga huhu.

Mataki na shida: ciniki da biya

Nemi farashin da aka sayar da gidaje biyu ko uku makamantansa a unguwar kwanan nan, wanda aka biya, ba wanda aka sa ba. Kiyasin gyaran da injiniya ya rubuta shi ne hujjarka ta neman ragi. Kada ka ba da kafin alƙalami sai da yarjejeniya a rubuce mai cewa za a dawo maka da kuɗinka idan bincike ya gano matsala ko banki ya ƙi ba da bashi. Biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan takarda, da shaidu da rasit. Duk wanda ya ce wani na nan tafe da kuɗi gobe, ka ba shi amsa cewa lauyanka bai gama ba. Ranar karɓar mukulli sake zagaya gidan, ka ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa. Daga nan ka bi rajistar sunanka har ta fito, kada ka jinkirta.

Mataki na bakwai: zaman kansa

Ranar farko canza makullai, ka san inda ake kashe ruwa da wuta. Manyan gyare-gyare kuwa, in ba na dole ba ne, bari sai ka ga damina ɗaya a gidan. Ita za ta nuna maka inda kuɗin ya kamata ya tafi.

Haɗarin irin wannan unguwa shi ne ta zama maka wurin kwana kawai: ka fita da duhu, ka dawo da duhu, shekara biyu ba ka san sunan na kusa da kai ba. Wannan asara ce, kuma haɗari ne, domin da rana idon maƙwabci ne ke tsare gidanka. A makon farko shiga gidajen da ke dama da hagu da na gabanka ka gabatar da kanka, ku yi musayar lambar waya. Halarci taron mazauna ko da ka gaji, ka biya kuɗin unguwa a kan lokaci. A ƙaramar unguwa gyaran kwata da fitilar layi da gadi duk a irin wannan zama ake yanke su, kuma hukuma ta fi sauraren mutum talatin da suka zo da takarda ɗaya a kan mutum ɗaya mai ƙorafi.

Hanyar ma ana rage mata kaifi. Gwada fita minti 20 kafin lokacin da ka saba. Sau da yawa cunkoso yana da ƙofa, wanda ya riga ta rufewa ya wuce salin alin. Nemi maƙwabtan da aikinku ke gefe ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa da mota, haka ma kai yara makaranta. In wurin aikinka na yarda, roƙi kwana ɗaya a mako na aiki daga gida ko a matsa maka lokacin shiga. Kwana ɗaya cikin biyar ya rage maka kashi 20 cikin 100 na tafiyar. Haɗa sayayya da sauran hidindimu a fita ɗaya, ka ajiye magungunan gaggawa a gida tunda kanti ba a kusa yake ba. Mota kuma ta zama kayan aiki, a duba taya da birki da mai a kan ƙa'ida, kuma kada ka tuƙa kana gyangyaɗi. Gara ka tsaya a wuri mai aminci ka huta.

Yara su ne suka fi jin doguwar hanya, ko dai su suke yin ta, ko kuma tana hana su ganinka. In akwai makaranta mai kyau kusa da gida, fifita ta a kan mai suna da ke cikin gari. Ka kuma tsara tun wuri wanda zai ɗauko yaro idan aka kira daga makaranta da rana kai kana can nesa: a rubuta sunansa da lambarsa a ba makarantar, shi ma a sanar da shi.